Magaji Ɗambatta: Daga Alƙalamin Comet Zuwa Zamanin Sojojin Baka

Mai karatu, in ka taɓa kwana a wani ƙauye na arewacin Kano a kakar zaɓe, ko a ƙasar Bichi, ko Kunci, ko Makoɗa, ko Dawakin Tofa, to ka san abin da ke faruwa bayan sallar isha'i. An ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai wani ya jawo eriyar rediyo, ko ya kunna ta cikin wayarsa. Daga nan hira ta mutu. Sojojin baka sun hau iska. Wannan ya wasa gwaninsa, wancan ya kwance wa abokin hamayya zani a kasuwa, wani kuma ya rantse cewa zaɓe an riga an gama, ranar rantsarwa kawai ake jira. Da an rufe shiri sai majalisa ta ɗora daga inda aka tsaya, har dare ya raba.

Mu masu karance-karancen littattafai da kallon finafinai mun saba tambayar wa ya rubuta labari, wa ya ba da umarni, wa ya zuba kuɗi. Amma ba kasafai muke yi wa sharhin siyasa irin wannan tambaya ba, alhali shi ne yake bin manomi har rumfar zaɓe. Sana'a ce mai dogon tarihi a ƙasar Kano, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka share mata fage ɗan wannan yanki ne, wato marigayi Alhaji Magaji Ɗambatta. Zo mu bi sawunsa, domin a cikin tafiyar tasa za ka ga yadda labarin zaɓe ya riƙa isa kunnen talaka, da kuma hannun da ke riƙe da lasifika a kowane zamani.

Ƙasar da ta haife shi

An haifi Magaji a Ɗambatta cikin 1931. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, kuma nan ne mazaunin Sarkin Ban Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta wannan ɓangare ƙasa ce ta cunkoson jama'a. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an noma ta, shi ya sa taki yake da daraja, har jakuna ke ɗauko shi daga birni a mangala. Gero da dawa da wake na ci ne, gyaɗa kuwa ta kuɗi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 gyaɗar waɗannan ƙauyuka ta kama hanyar Ikko, ita ce kuma aka riƙa tarawa ana yin dalar gyaɗa. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba.

Me ya haɗa wannan da siyasa? Abu biyu. Na farko, inda jama'a ta yi yawa nan kujeru suke, saboda haka duk mai neman mulkin Kano dole ya bi ta waɗannan gonaki. Na biyu, a inda kowa ya san kowa, ra'ayi ba ya ɓuya. Mai unguwa ya san gidan da ake karanta jaridar 'yan adawa. Dagaci ne ke yanka haraji, hakimi ke tattarawa, alƙali da 'yan doka da gidan yari duk na En'e ne. Manomin da ya buɗe baki yau, gobe yana iya jin harajinsa ya hau, ko rigimar iyakar gona ta juya masa baya a gaban alƙali. A irin wannan wuri, mutumin da zai faɗi abin da ke faruwa da babbar murya, ya kuma sa sunansa a ƙasa, ba ƙaramin abu ya ɗauka ba.

Mutum takwas, ran takwas ga watan takwas

Kafin Magaji ya kama alƙalami, jaridar Hausa da aka sani ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam na edita. Imam ya iya jan kunne cikin hikima, wasiƙun masu karatu kuma sun sha tona ɓarnar ma'aikata. Amma dai jarida ce da gwamnati ta kafa, tana da iyakar da ba ta tsallakewa.

Sai ga Comet. Wani ɗan gwagwarmaya mutumin Masar, Duse Mohamed Ali, shi ya kafa ta a Ikko cikin 1933. Daga baya ta koma hannun kamfanin Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda ya ɗauko ta ya dasa a Kano cikin 1949. Kullum take fitowa, da Turanci, tare da sashen Hausa. A nan matashi Magaji ya fara aikin jarida.

Ran 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Mudi Sipikin, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Musa Kaula, da Baballiya Manaja, da kuma Magaji Ɗambatta, yana ɗan shekara goma sha tara. Kar ka yi mamakin rashin jin sunan Malam Aminu Kano. Lokacin yana koyarwa a Maru ta ƙasar Sakkwato. Sai da ya ajiye aiki ya dawo gida ya shigo, ya zama shugaban jam'iyyar cikin 1953.

Ka lura da abu ɗaya tun daga nan: ɗan jaridar da ke kawo labarin jam'iyya, da shi aka kafa jam'iyyar. Ba a ɓoye ba, ba kuma a ɗauke shi abin kunya ba. Shafin Hausa na Comet ya zama bakin NEPU. Nan ake jin labarin laccar da En'e ta hana, da wanda aka kama, da wanda alƙali ya ɗaure bisa zargin zagin sarauta, da koke-koken haraji da aikin tilas.

Kwafi nawa ke isa ƙauye? Kaɗan ne. Masu karatun boko a karkara a wancan lokaci ba su taka kara sun karya ba. To amma jarida ɗaya takan yi aikin ɗari. Ɗan kasuwa ko tela ko yaron mota ya ɗauko ta daga birni, ranar kasuwa wani ɗan makaranta ya karanta a gindin tsamiya, waɗanda suka ji su koma unguwanninsu da labari. Abin da jarida ta gaza kaiwa kuma sai waƙa ta kai. Rubutattun waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sharhin siyasa ne tsantsa, an dai zuba shi cikin baiti ne don ya zauna a ka. Ba a iya kama waƙar da ta riga ta shiga bakin masu huɗa da mata masu daka.

Zaɓen 1951: an ci a ƙasa, an faɗi a sama

Zaɓen farko da matashin ɗan jaridar ya gani da idonsa shi ne na 1951, kuma ya kamata ka san yadda aka tsara shi, don ka gane irin wahalar bayyana shi ga manomi. Ba kai-tsaye ake zaɓen ɗan majalisa ba. Mataki-mataki ne. Magidanta masu biyan haraji su taru a ƙauye ko unguwa su fitar da wakilai a bainar jama'a. Waɗannan wakilai su je gunduma su fitar da wasu, a haka har a kai zauren ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai zaɓi masu tafiya majalisar Kaduna. Sa'an nan doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutane, kashi goma cikin ɗari, a wannan zaure na ƙarshe.

NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin Kano, har hankalin masu mulki ya tashi. Cikin Oktoba na wannan shekara aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda a da ƙungiyar al'adu ce, ta zama jam'iyyar siyasa sosai, wato NPC. Da aka kai zauren ƙarshe, kujeru ashirin na lardin Kano duk suka tafi ɓangaren sarauta. NEPU ba ta sami ko ɗaya ba.

To ka ga aikin mai sharhi a nan. Mutum ya ɗaga hannu a gaban dagacinsa, ya jawo wa kansa baƙin jini, an ce masa an ci, sai kuma ya ji wanda bai zaɓa ba ne ya tafi Kaduna. In ba a sami wanda zai warware masa inda ƙuri'arsa ta maƙale ba, sai ya ce siyasa ƙarya ce, ya koma gonarsa. 'Yan Comet da mawaƙan NEPU suka mai da wannan bayani babban makaminsu: a ba kowane baligi ƙuri'a ɗaya, kai-tsaye, a asirce.

Ba a jima ba wata jarrabawar ta zo. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko, wakilan Arewa suka ƙi yarda da sa rana, aka yi musu ihu a titi. Da jam'iyyar AG ta aiko tawaga Kano ƙarƙashin Cif Akintola, rikici ya ɓarke ran 16 ga Mayu, aka kwana huɗu ana yi tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari. Hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Tun daga ranar duk mai riƙe da alƙalami a Kano ya san cewa kalma tana iya zama wuƙa. A wannan zamani ne kuma 'Yan Mahaukata suka bayyana, masu far wa 'yan NEPU da duka a tituna da wuraren lacca.

Tsallakawa zuwa ɗaya gaɓar

Yanzu ga wurin da labarin Magaji yake da ɗan nauyi. Tun cikin shekarun 1950 ya bar Comet ya koma Nigerian Citizen, jaridar Turanci ta Kamfanin Gaskiya da ke Zariya, wadda aka fara cikin 1948. Shafin Hausa na Comet kuwa, daga 1954 Malam Tanko Yakasai ne ya riƙe shi. Daga Citizen Magaji ya shiga aikin watsa labarai na Gwamnatin Jihar Arewa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, ya yi ta hawa har ya kai babban jami'in watsa labarai. Wato wanda aka kafa jam'iyyar adawa da shi ya zama mai isar da saƙon gwamnatin da adawar ke yaƙa.

Mai saurin hukunci zai ce ai an saye shi. Amma dubi zamanin tukuna. 'Yan boko a Arewa 'yan ƙalilan ne, gwamnati na fafutikar cike ofisoshi da 'yan ƙasa kafin Turawa su tafi, kuma duk matashin da ya iya rubutu da Turanci da Hausa ana nemansa ruwa a jallo. Comet ba ta da ƙarfin aljihu, ɗan NEPU kuma kullum ƙafarsa ɗaya na gidan yari. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Maitama Sule ma da 'yan sawaba ya fara hulɗa kafin ya shiga NPC, ya ci zaɓen 1954, daga baya ya zama minista. Wasu kuma, irin su Mudi Sipikin da Tanko Yakasai da Hajiya Gambo Sawaba, suka tsaya a NEPU suka sha ɗauri. Kowanne da abin da ya biya. Wanda ya tsaya ya biya da jikinsa da iyalinsa. Wanda ya tsallaka ya sami babbar lasifika, amma ba shi ke zaɓen duk abin da za a faɗa a cikinta ba.

Kuma lasifikar babba ce ƙwarai. Ofishin watsa labarai ke bin Firimiya rangadi yana rubuta rahoto, shi ke buga takardun wayar da kai, shi ke tura motocin majigi ƙauyuka. Kai mai son fim, ka sani cewa kakanninka na karkara a majigi suka fara ganin hoto mai motsi. A kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko ƙofar gidan hakimi, a nuna fim ɗin noma irin su Baban Larai, a haɗa da hotunan manya suna buɗe asibiti ko rijiya, ga mai bayani riƙe da makirfo yana fassarawa yana ƙara gishiri. Shi ma wannan mai bayani mai sharhin siyasa ne, ko da ba a kira shi haka ba. A gefe guda ga Yaƙi da Jahilci, ga hukumar NORLA tana buga ƙananan jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato. Gwamnati na koya wa manomi karatu, tana kuma miƙa masa abin da zai karanta.

1959: ƙuri'a ta iso ƙofar gida

Abin da 'yan sawaba suka daɗe suna nema ya tabbata ran 12 ga Disamba, 1959. A karon farko kowane namiji baligi a duk faɗin Arewa ya jefa ƙuri'a kai-tsaye a asirce. Mata kuwa ba a ba su wannan dama ba sai cikin 1976. Kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, an manna masa alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Cif Awolowo ya shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu, abin da ya tilasta wa manyan NPC su ma suka bazama ƙauyuka neman ƙuri'a a hannun talakawan da a da sai dai su faɗi su yi gaisuwa.

Daga kujeru 312 na majalisar tarayya, 174 na Arewa ne. NPC ta tashi da 134, NEPU ta sami takwas, ciki har da ta Malam Aminu Kano a Kano ta Gabas. Asirin ƙuri'a bai rushe ikon hakimi da dagaci a karkara ba, domin wanda ke yanka haraji da ba da izinin lacca bai canja ba. Ko a Ɗambatta, hakimin garin, Sarkin Bai Alhaji Muhtari Adnan, wanda ya riƙe sarautar daga 1954 har rasuwarsa cikin 2021, ɗan majalisar tarayya ne a ƙarƙashin NPC. Zaɓen jiha na 1961 ya bar NEPU da kujera ɗaya tak, a zaɓen 30 ga Disamba, 1964 kuma Malam Aminu kansa ya rasa tasa. Ran 15 ga Janairu, 1966 sojoji suka rufe wannan babi da jini.

Cikin waɗannan shekaru ne wani sabon baƙo ya shigo ƙauye, wanda zai kori jarida daga gindin tsamiya. Sashen Hausa na BBC ya fara ran 13 ga Maris, 1957. Gidan Rediyon Kaduna ya buɗe cikin 1962. Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka kuma ta fara Hausa cikin 1979. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, manomi ya rataya ta a reshen gawo yana noma yana saurare. Ba ya bukatar ɗan makaranta ya karanta masa kuma.

Santsi da Taɓo

Magaji bai bar fagen labarai ba. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Nijeriya da ke birnin Washintan na Amurka a ɓangaren watsa labarai, a Jamhuriya ta Biyu kuma ya shugabanci hukumar gudanarwar Daily Times, wadda a lokacin babu jaridar da ta kai ta girma a ƙasar nan. Yaron da ya fara da shafin Hausa na wata 'yar jarida a Kano ya zauna a kan kujerar da ta fi kowace tsawo a aikin jarida.

A gida kuwa, 'ya'yan NEPU ne suka karɓi mulki. Cikin 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta cinye Kano, birni da ƙauye, Alhaji Abubakar Rimi ya zama gwamna. Ya soke haraji da jangali, abin da manoman Bichi da Ɗambatta da Fulanin da ke tsakaninsu suka ji a jikinsu kai-tsaye. Ya kafa kamfanin jaridar Triumph cikin 1980, mai buga Albishir da Hausar boko da Alfijir da ajami, ya kuma kafa gidan talbijin na CTV. 'Yan adawar jiya sun sami tasu lasifikar.

Sai jam'iyya ta dare biyu, Santsi na gwamna, Taɓo na Malam. Rediyon Kano na hannun gwamnatin jiha, Rediyon Kaduna na hannun tarayya, kowane ɓangare da inda yake zuwa ya amayar da cikinsa. Manomi ya koyi murɗa akwati daga wannan tasha zuwa waccan, ya ji duka biyu, ya yanke nasa hukunci.

Nan ma kalma ta zama wuƙa. Gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, ran 10 ga Yuli, 1981 gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph, aka kashe Dakta Bala Muhammad a gidansa. Shi Dakta Bala tsohon ma'aikacin rediyo ne, malamin jami'a, mai ba gwamna shawara kan siyasa, kuma yana cikin masu kaifin sharhi na zamaninsa. Ka dubi wuraren da aka nufa da wuta, za ka gane cewa kowa ya san inda ƙarfin yake.

Malam Aminu ya rasu cikin Afrilun 1983. A zaɓen Agusta na wannan shekara Rimi ya tsaya a NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Sabo bai yi zurfi a boko ba, amma ya san rediyo, ya san yadda ake magana da mutumin kasuwa da na gona. 'Yan kallo ba za su manta da shi ba, don shi ya rufe sinimar Palas ya mai da ita asibiti. Wata uku kacal ya yi sojoji suka dawo. Cikin 1984 Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kowa ya shiga taitayinsa.

Iska ta shiga kasuwa

Jama'ar Kano sun sha ba masu hasashe kunya. Ran 12 ga Yuni, 1993, Cif Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta haihuwa, shi Bashir Tofan da masu karatu suka sani da littattafan Hausa. Cikin Afrilun 2003 Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta, ya kayar da gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso. Cikin 2011 Kwankwaso ya dawo. Cikin 2015 mataimakinsa, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ɗan ƙauyen Ganduje ta ƙasar Dawakin Tofa, ya gaje shi, kafin su raba gari. Zaɓen 2019 sai da aka ce bai kammalu ba aka sake a wasu rumfuna. Na 2023 kuwa, wanda Abba Kabir Yusuf ya ci, sai ran 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rufe shari'arsa.

A tsakiyar wannan kai-komo aka sami babban canji a sana'ar sharhi. Dokar 1992 ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu, cikin Disambar 2003 kuma Freedom Radio ta fara watsa shiri a Kano. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta suka buɗe makirfo ga wanda a da ba shi da wurin magana sai teburin mai shayi. Wasu tashoshin suka biyo sahu. Daga nan aka sami rundunar da ake kira sojojin baka.

A yi musu adalci. Ta bakinsu an ji labarin makarantar da rufinta ya yaye, da asibitin da ba magani, da takin gwamnati da ya ɓace a hanya, da titin da aka ƙaddamar sau uku ba a zuba kwalta ba. Sun gaji wani abu na ƙarfin halin 'yan Comet, kuma Hausarsu ta fi ta kowace jarida isa kunnen ƙauye. Sai dai iska kuɗi ce. Minti-minti ake sayar da fili, kuma sanannen abu ne cewa da yawan masu maganar akwai ubangidan da ke ɗauke da nauyinsu. Shi ya sa za ka ji wanda ya tsine wa ɗan takara da rani yana rantsuwa da shi da damina, ba tare da ya gaya maka abin da ya canja ba. Yanzu kuma ga waya, ga Facebook da WhatsApp da TikTok, inda murya ke yawo babu suna babu fuska. Hukuma ma ba ta daina sa hannu ba: cikin 2025 gwamnatin Kano ta ba da sanarwar hana watsa shirye-shiryen siyasa kai-tsaye, tana cewa don a tsabtace kalamai, masu suka kuma suka ce toshe baki ne.

Abin da ya bari

Magaji Ɗambatta ya ga farkon wannan zamani. A ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci Inuwar Jama'ar Kano, ƙungiyar dattawa da ta fi mai da hankali kan ilimin yaran jihar. Cikin 2010 ya fitar da tarihin rayuwarsa da Turanci mai suna The Pull of Fate. Ya rasu cikin 2016 yana da shekara 85. Allah ya jiƙansa.

In ka duba tafiyar tun daga 1950, za ka ga ba a taɓa yin lokacin da mai sharhin siyasa a Kano ya tsaya a tsakiya cak ba. Comet ta Zik ce da NEPU. Citizen da majigi na gwamnatin Kaduna ne. Triumph da Rediyon Kano na gwamnatin jiha ne. Filin sojan baka na wanda ya biya ne. Shi kansa Magaji ya yi aiki a gaɓa biyu na kogin. Saboda haka kar wani ya ruɗe ka da cewa mutanen da waliyyai ne, na yanzu ne 'yan amshin shata.

Bambancin da ke akwai shi ne, a zamanin su Magaji an san inda kowa ya tsaya. Mai karanta Comet ya san ta 'yan sawaba ce, mai kallon majigi ya san motar gwamnati ce ta kawo shi, sai ya auna maganar da wannan mudu. Abin da suka rubuta kuma yana nan a takarda, da suna da kwanan wata, ana iya ɗauko shi bayan shekara hamsin a ce ga abin da ka faɗa. Da ya tsufa ya zauna ya rubuta hanyar da ya bi, har da tsallakawar, ya ajiye wa na baya su yi masa hukunci. Sojan baka nawa ne a yau zai yarda a sake kunna masa abin da ya faɗa a zaɓen da ya wuce?

Manomin Tsanyawa ko Minjibir ba shi da yawa. 'Yar gonarsa ce da ake ta rabawa tsakanin magada har ta koma kamar tabarma, sai kuma ƙuri'arsa guda, wadda aka sha duka da ɗauri kafin a samo masa ita. Farashin taki, da ruwan madatsar Watari da ta Tomas, da malamin da zai zo aji ko ba zai zo ba, duk suna rataye da inda ya dangwala yatsa. Wanda ya yi masa ƙarya a rediyo ranar Laraba ya ci masa shekara huɗu ranar Asabar.

Don haka, mai karatu, in kakar zaɓe ta sake zagayowa, ka zauna a majalisa an kunna akwati, yi wa mai magana tambayar da kake yi wa fim kafin ka saya. Wa ya ɗauki nauyi? Abin da yake faɗa, ya gani da idonsa ne ko rubuta masa aka yi? Bara a wane layi yake? In ka sami amsa, sai ka saurare shi da kyau, don ko ɗan kore wani lokaci yakan faɗi gaskiya a kan kayan maƙwabcinsa. Sa'an nan ka murɗa zuwa ɗaya tashar, kamar yadda iyayenmu suka yi a zamanin Santsi da Taɓo.